Ranar Rushe Siton Auduga

Haƙoran bokitin katafila suka kama kusurwar gabas ta ginin, Kamalu ya ja liba a hankali. Jan bulon ya yi gardama na ɗan lokaci, sannan ya tsage daga sama har ƙasa. Kwanon rufin ya yi wata doguwar ƙara, sai ga jemagu sun ɓarke daga ciki da hantsi, ɗaruruwa, suna zagaye saman ginin sun rasa inda za su nufa. Mutanen garin da aka tsayar bayan igiya suka ɗauki salati.

Siton auduga ne, tun na zamanin Turawa, a bakin titin da ya tashi daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Kamalu ya san shi tun yana yaro. Daga Tsiga kakansa ke kawo auduga a kan jaki, ya kwana a gindin katangar nan yana jiran awo. Da kasuwar auduga ta mutu, sito ya zama kango, awaki da jemagu suka gaje shi. Shekara biyu da suka wuce kuma mutanen ƙauyukan bakin daji na wajen Dandume, waɗanda 'yan bindiga suka tasa, suka zo suka share shi suka zauna. Jiya da la'asar aka kwashe su a motoci biyu zuwa wata firamare. Sabon layin dogo zai ratsa ta nan, titin mota zai hau gada ya tsallake shi, ƙafar gadar ta uku kuwa a tsakiyar siton ne masu awon ƙasa suka kafa turkenta.

Injiniya Muhammad Sani, mai kula da aikin, yana tsaye a inuwar motarsa yana duba agogo. Tun da safe ya gaya wa Kamalu cewa kafin ƙarfe biyu yake so ginin ya kwanta. Masu rakiya ba sa wuce la'asar a wannan hanya, kuma babu wanda zai bar katafilar kamfani ta kwana a fili.

Masu rakiyar 'yan sanda biyu ne da ke zaune cikin mota, sai 'yan sa-kai shida da aka warwatsa kewaye da wurin. Ɗaya daga cikinsu Isah ne, wan Kamalu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi aka ba bayan ginin, inda gonar dawa ta zo har gindin katanga. Dawar ta fi mutum tsayi, ta fara fitar da kai.

Kamalu ya ɗaga bokitin zai sake saukewa, sai ya tsaya. Ta wata ɓula a rufin, can ƙarshen ginin ta arewa, wani abu na tashi. Ba ƙura ba ce, don ƙura ja ce, kuma iska na kwasar ta. Wannan siriri ne, shuɗi-shuɗi, yana miƙewa sama a natse. Ya goge gilashi da hannun riga, ya sake dubawa. Hayaƙi ne.

Ya ajiye bokitin a ƙasa, ya rage wutar injin, ya sauko.

“Kai, lafiya?” in ji Injiniya daga inda yake.

“Oga, zan leƙa in ga yadda katakon rufin ya kwanta. Kar ya zo ya faɗo mini kan gilashi.”

“An duba ginin nan da safe.”

“Ba a duba katako ba.”

Injiniya ya yi tsaki, ya ɗaga yatsu biyar. Kamalu ya gyara hular kwanonsa ya shiga.

Ciki da duhu da sanyi, ga warin kashin jemage. Mutanen sun raba babban zauren da tsofaffin buhuna, kowane gida da nasa lungu. Duwatsun murhu na nan a jere, da igiyoyin shanya, da wata fasasshiyar randa. A tsakiya katon sikelin ƙarfe na tsaye, tsatsa ta cinye lambobinsa. Bayan sikelin akwai ɗan ɗakin da akawun awo ke zama a da, mai ƙofar ƙarfe. Ta ƙarƙashin ƙofar hayaƙin ke fitowa.

Ya yi sallama. Shiru. Ya tura ƙofar da kafaɗa.

Wata tsohuwa ce tsugune gaban 'yar wuta, ta ɗora gwangwani tana dafa ganye. Ba ta razana ba. Ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da tabarmar da ke bayanta, ta baza hannuwa. A kan tabarmar wani mutum na kwance, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumman zane wanda jini ya bushe a jikinsa ya yi baƙi.

“Inna, kina da hankali kuwa?” in ji Kamalu. “Saura kaɗan in sauke muku ginin nan a ka!”

“Na ji lokacin da ka fara, ɗan nan. Rage murya.”

“Ba jiya aka kwashe ku ba?”

“An kwashe mu. Sun kira Hansai, na amsa, na hau mota. Da muka kai kwanar gidan mai na ce fitsari nake ji, na sauka na dawo ta gona.” Ta waiwaya ta dubi na kwancen. “Ɗana ne, Abdussamad. Wata bakwai yana hannun mutanen daji. A gona suka ɗauke shi. Yau kwana huɗu da ya gudo, da rarrafe ya iso nan. Babu wanda ya san ya dawo, ko maƙwabtana na cikin zauren nan.”

“To ai asibiti ya kamata a kai shi. Bari in gaya wa Injiniya, akwai mota.”

Ta cafke masa hannu. Yatsunta busassu ne, amma da ƙarfi.

“Su wa ke waje da bindigogi?”

Kamalu ya waiwaya wajen ƙofa.

“Ka san ɗan Raudatu?” ta ce. “A lungun can suke zaune. Shi ma dawowa ya yi, bara da rani. Uwarsa ta yi guɗa, ta dafa shinkafa. Kwana biyu 'yan sa-kai suka zo suka ce tambayoyi za su yi masa, wai duk wanda ya daɗe a daji ya dawo da ƙafarsa infoma ne, mai kai wa mutanen daji rahoto. Har yau tana ajiye masa tuwo.”

Kamalu ya san labarin. Ya taɓa tambayar Isah, Isah ya ci gaba da wanke babur ɗinsa kamar bai ji ba. Tun ranar bai sake tayar da maganar ba. Mahaifinsu, Malam Haladu, a gonarsa aka harbe shi shekara biyu da suka wuce, ranar da ya je ɗauko masara. Ba kowa ya san zai fita ranar ba. Wani ne ya faɗa, kuma har yau ba a san ko wane ne ba. Bayan sadakar bakwai Isah ya sayar da keken ɗinkinsa ya shiga sa-kai.

Ya dubi mutumin da ke kan tabarma. Zai yi shekara talatin, gashi ya cika masa kai da fuska, leɓɓansa sun bushe saboda zazzaɓi. Kamalu ya sha ganin waɗanda aka sako daga daji. Suna dawowa ƙashi da fata, da tabon sarƙa a idon sawu. Wannan ya rame, amma ba irin waccan ramar ba. Ƙafarsa ta hagu a buɗe take, babu tabo.

Abdussamad ya lura da inda yake kallo, ya ja ƙafar ƙarƙashin zane.

“Ba su ɗaure ni ba,” ya ce a hankali. “Girki suka sa ni, da ɗebo ruwa. Wanda ke musu aiki ba sa ɗaure shi.”

“Ƙafar fa?”

“Da zan gudu suka harbe ni.”

“Ta baya ko ta gaba?”

“Malam, da duhu. Ban tsaya dubawa ba.”

Daga waje aka danna hon, dogo, sau biyu. Wasu ɓaraguzan bulo suka zubo daga inda bokiti ya tsaga, ƙararsu ta cika zauren.

“Su nawa ne a wajen?” in ji Abdussamad.

“Su wa?”

“Masu bindigar. Su nawa, kuma ta ina suka tsaya?”

Kamalu ya juyo wajen Abdussamad. Ya dube shi, shi ma yana dubansa, idanunsa jajaye, ba sa ƙiftawa.

“Don mu san ta inda za mu fita yake tambaya,” Hansai ta yi saurin cewa. “Ɗan nan, dubi Allah. Ni na haife shi, na san abin da na haifa. Ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai ya kai wa maƙwabci.”

“Wata bakwai, Inna.”

“Ko shekara bakwai ce.”

Kamalu ya cire hular kwano ya share gumi. Idan ya fita ya faɗa, Injiniya zai kira 'yan sandan, amma kafin su sauko daga mota 'yan sa-kai sun riga sun shigo. Ya san yadda fuskar Isah ke komawa in an ambaci infoma. Idan kuma ya yi shiru ya sallame su, bai san wa ya sallama ba. Ya tuna masarar babansu da aka kawo gida tare da gawar, a amalanke ɗaya. Ya kuma dubi tsohuwar, wadda har yanzu ba ta saki hannunsa ba.

“Yana iya tafiya?”

“In ya dafa ni.”

“Akwai hanya ta baya?”

Ta nuna masa. A ƙasan bangon ɗakin, bayan wani tsohon kwano da aka jingina, akwai ramin da awaki suka faɗaɗa. Mutum zai iya bi da rarrafe. Ganyen dawa na leƙowa ta ciki.

“Ku kashe wutar nan. Zan koma in kayar da bangon yamma. In kun ji ya faɗi, ƙura za ta rufe ko'ina, lokacin za ku fita. Kar ku bi ta titi. Ku bi cikin dawa har rafi.” Ya juya ga Abdussamad. “Kai kuma, ban gan ka ba, ba ka gan ni ba.”

“Allah ya saka,” in ji Abdussamad. “Ya sunanka?”

Kamalu ya mayar da hularsa ya fita bai faɗa ba.

Hasken waje ya kashe masa ido. Injiniya ya taso yana faɗa, wai minti biyar ya zama ashirin. Kamalu ya ce masa katakon ya ruɓe, dole a canja gefe, ta yamma za a fara. Sannan ya zagaya bayan ginin.

Isah na zaune kan wani dutse, taku goma daga ramin awakin, bindigarsa ƙirar gida a kan cinya. Rigar layunsa ta jiƙe da gumi. Shekara huɗu kawai ya ba Kamalu, amma furfura ta fito masa a gemu.

“Yaya, sai ka tashi daga nan. In na taɓa yamma, bangon nan zai iya biyowa.”

“Nan aka ajiye ni.”

“Na sani. Ka koma wajen bishiyar ɗorawar can, kana ganin komai daga can.”

“Ba na ganin gindin katanga daga can.” Isah ya ɗaga kai ya dube shi, ya ja hanci. “Warin hayaƙi kake.”

“Murhun da suka bari ne bai mutu ba. Na taka shi.”

“Tun jiya?”

“Kututture ne.”

Isah ya dubi gindin katangar. Iska ta ratsa dawar, ganyen ya yi ta shafar juna. Kamalu bai taɓa yi wa wansa ƙarya a kan abin da ya wuce sigari ba.

“Shekaranjiya an ga sawun jini a bakin rafin can,” in ji Isah. “Mun bi shi, ya ɓace a gonakin nan. Shi ya sa na ce a ba ni baya.”

“Ƙila dabba ce.”

“Ƙila.”

“Yaya, don Allah ka tashi. In bango ya danne ka, me zan je in ce wa Inna a gida?”

Isah ya daɗe yana kallonsa. Daga baya ya miƙe, ya rataya bindigar, ya nufi ɗorawar.

Kamalu ya hau katafila. Hannunsa na zamewa a kan liba, sai da ya goge shi a wando. Ya zagayo da ita yamma, sarƙoƙinta na niƙa tsakuwa. Ya ɗaga bokitin har ƙarshe, ya kafa shi a saman bangon, ya tura. Bangon ya yi kamar ba zai tafi ba, sannan ya tafi gaba ɗaya, rabin rufin ya bi shi. Ƙasa ta girgiza har cikin kujerarsa. Jar ƙura ta tashi ta rufe sito, ta rufe ɗorawa, ta rufe mutanen bayan igiya, ana ta tari ana ja da baya.

Bai tsaya ba. Ya ci gaba da kwasar ɓaraguzai yana zubarwa daga sama, don ƙurar ta ƙi kwanciya. Daga inda yake zaune, sama da kowa, yana hangen kawunan dawa ta bayan ginin. Ya ga sun motsa a wuri ɗaya. Motsin ya yi gaba kaɗan, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har Kamalu ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Sai ya ci gaba, a hankali, a karkace, ya nufi rafi, har ƙura da nisa suka haɗiye shi.

Ya duba wajen ɗorawa. Isah na tsaye, ya rufe hanci da rawani. Ba dawar yake kallo ba, katafilar yake kallo.

Sauran aikin bai ɗauki awa biyu ba. Zauren ya kwanta, sikelin ya fito fili, Injiniya ya ce a ture shi gefe, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo. Ɗan ɗakin akawu Kamalu ya bari na ƙarshe. Ya sa haƙoran bokiti ya ɗage rufinsa a hankali, ya miƙe tsaye cikin kujera ya leƙa. Tabarma ce kawai, da gwangwanin ganye a kife. Ya sauke numfashi, ya ture bangayen huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ana kiran azahar a masallacin bakin titi ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa. Inda sito yake tun kafin a haifi babansa, yanzu sarari ne, ana hangen gonaki har bakin daji. Jemagun sun watse, saura 'yan kaɗan da suka maƙale a reshen ɗorawa. Injiniya na waya yana dariya, yana cewa an gama kafin lokaci. Mutanen gari na roƙon a bar su su tsinci bulo da kwano, 'yan sa-kai na cewa sai an ba da izini.

Kamalu ya sauko. Ya tsaya a gefen tarin da ya kasance ɗakin akawu yana kakkaɓe riga. A nan ya ji ta.

Waya ce ke ƙara, can ƙarƙashin bulo. Ƙaramar waya, irin mai tocila, da ɗan kiɗanta siriri. Ta yi ta yi har ta katse. Kamalu bai motsa ba. Ya ce a ransa ta tsohuwar ce, ta faɗi garin rarrafe. Ko ta wani ce cikin waɗanda aka kwashe jiya. Amma bai ga waya a hannun tsohuwar ba, kuma mutumin da ya gudo daga daji da harbi a ƙafa, wa ya bar masa waya, wa kuma ke nemansa?

Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Ya ɗaga kai. Isah ya baro ɗorawa, yana tahowa da buta a hannu, bindiga a kafaɗa. Taku arba'in ne tsakaninsu, ko ƙasa da haka. In ya iso zai ji. Zai sa a tono ta, a duba lambar da ke kira, sannan su shida su bazu cikin dawa. Mai ciwon ƙafa da tsohuwa ba su isa sun wuce rafi da nisa ba. In kuwa ba a tono ta ba, babu wanda zai taɓa sanin wanda ke kiran, har shi Kamalu.

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ƙara karo na uku.

Kamalu ya kama ƙarfen ƙofa ya haye. Ya murɗa makulli, injin ya yi gurnani ya tashi, baƙin hayaƙi ya fita ta bututu. Injiniya ya sauke waya daga kunne yana ɗaga masa hannu, yana tambayar me kuma ya rage. Kamalu ya juyo da bokitin, ya kifa bayansa a kan tarin, ya danna da dukan nauyin motar har gabanta ya ɗaga. Ya ɗaga, ya sake dannawa. Ya kwaso wani tarin ya zuba a kai, ya daddanne.

Da ya waiwaya, Isah na tsaye a gindin katafilar. Ya buɗe gilashi.

“Ba za ka yi salla ba?” Isah ya ɗaga murya saboda ƙarar injin.

“Saura kaɗan, Yaya. Wurin nan bai kwanta ba.”

Isah ya dubi tarin, wanda ya riga ya yi sumul kamar daɓe. Ya dubi ƙaninsa. Sannan ya ajiye butar a kan sarƙar katafilar, ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya zauna a kan wani ɓallin bango yana fuskantar gonar dawa.

“Gama,” ya ce. “Ina jiran ka.”

Kamalu ya bar injin yana aiki.